Kuɗin da 'yan uwa ke aikowa daga waje: wa haraji ke hawa, kuma a ina ake biya?

A yawancin ƙasashen da Hausawa ke zaune, kuɗin da ɗa ya aiko wa mahaifiyarsa daga Faransa, ko wanda yaya ya turo wa ƙaninsa daga Saudiyya, ba ya cikin abin da hukuma ke lissafawa a matsayin albashi ko riba. Saboda haka wanda ya karɓa ba ya biyan harajin kuɗin shiga a kansa. Sai dai maganar ba ta ƙare a nan ba. Akwai harajin da ke jiran mai aikowa a ƙasar da yake zaune, akwai wanda ake cirewa a kan hanya, akwai kuma wanda ke tasowa daga baya, ranar da kuɗin suka zama gida ko shago ko mota. Wannan bayani ya bi su ɗaya bayan ɗaya.

Kyauta daban, kuɗin shiga daban

Harajin kuɗin shiga, wanda mutanen Nijar ke haɗawa da sauran haraji su kira lanho, yana hawa ne kan abin da mutum ya samu ta hanyar aiki ko dukiya: albashi, ribar kasuwanci, kuɗin hayar gida, ribar hannun jari. A Nijar akwai ITS a kan albashi da wani harajin a kan riba, a Kamaru akwai IRPP. Kyauta kuwa ita ce abin da aka ba ka ba don ka yi wani abu a madadinsa ba. Kuɗin cefane, kuɗin makarantar yara, kuɗin asibiti, gudummawar biki ko suna, duk suna cikin wannan rukuni.

Abin da hukuma ke dubawa shi ne dalilin kuɗin, ba sunan da aka rubuta a takardar aike ba. Telan da ke unguwar Briqueterie a Yaounde, wanda ɗan uwansa na Brussels ke turo masa kuɗi duk wata don ya ɗinka kaya ya aika a sayar, ciniki yake yi ko da uwa ɗaya uba ɗaya suke. Haka matashin da ke aiki ta intanet daga Damagaram ana biyansa daga Turai: ladan aikinsa ne, ko da an bi da kuɗin ta hannun kawunsa. A Ghana dokar harajin kuɗin shiga ta 2015 ta faɗi wannan ƙarara, inda ta sa kyautar da mutum ya samu saboda aikinsa ko kasuwancinsa cikin kuɗin shigarsa. A Najeriya ma, sabuwar dokar haraji da aka sa wa hannu a watan Yunin 2025, ta fara aiki ranar 1 ga Janairun 2026, ba ta ɗora haraji kan kyautar 'yan uwa ba, duk da jita-jitar da ta yi ta yawo a WhatsApp cewa duk abin da ya shiga asusun banki za a yanke masa kaso.

A ƙasashen da suka gaji tsarin dokokin Faransa, irin su Nijar, Kamaru, Chadi, Benin da Togo, kyauta tana da nata babi a dokar haraji, wato kuɗin rajista da ake kira droits d'enregistrement. Wannan yakan taso ne idan an rubuta kyautar a hukumance, a gaban notaire, musamman idan gida ne ko fili ko hannun jari za a sauya wa suna. Adadin ya danganta da ƙasa da kusancin dangantaka, kuma dokar kasafin kuɗi ta kowace shekara tana iya taɓa shi. Don haka wanda za a mallaka wa gida ya nemi lissafin a ofishin haraji kafin a sa hannu, kada ya dogara da abin da maƙwabcinsa ya biya shekaru biyar da suka wuce.

Faransa: inda aka fi yin tuntuɓe

A nan ya kamata a tsaya, domin dokar Faransa tana bin mai bayarwa duk inda kuɗinsa suka je. Idan mutum mazaunin Faransa ne ta fuskar haraji, kyautar da ya yi tana ƙarƙashin harajin Faransa ko da wanda aka ba yana Maraɗi ko Garwa, bai taɓa taka filin jirgin sama ba. Ba sai mai bayarwa yana da takardar zama ɗan ƙasa ba, zama da aiki a can sun isa.

Akwai rangwame, kuma yana sabuntuwa duk bayan shekara 15. Tsakanin mahaifi ko mahaifiya da ɗa, ta kowane ɓangare kyautar ta fito, ana yafe Yuro 100,000, wato kimanin sefa miliyan 65 da dubu 600 a kan canjin da ba ya motsi na sefa 655.957 a Yuro ɗaya. Ga jika, Yuro 31,865. Ga miji ko mata, Yuro 80,724. Ga ɗan uwa ko 'yar uwa na jini, Yuro 15,932 kawai, kusan sefa miliyan 10 da rabi. Ga ɗan wa ko ɗan ƙani, Yuro 7,967. Akwai ƙarin rangwame na Yuro 31,865 a kan kyautar tsabar kuɗi ga 'ya'ya da jikoki, da sharaɗin mai bayarwa bai kai shekara 80 ba kuma mai karɓa ya kai shekara 18, amma wannan bai shafi iyaye ko 'yan uwa ba.

Abin da ya haura rangwamen shi ake yi wa haraji. Tsakanin iyaye da 'ya'ya yana farawa daga kashi 5 cikin 100 ya hau har kashi 45. Tsakanin 'yan uwa yana farawa daga kashi 35. A ɗauka wani mazaunin Lyon ya tura wa ƙanwarsa da ke Damagaram Yuro 20,000 a dunƙule don ta sayi fili. Idan aka cire 15,932, saura 4,068. Kashi 35 na wannan ya kama kimanin Yuro 1,424, wato wajen sefa dubu 934. A ƙa'ida mai karɓa ne ke da alhakin biya, amma doka ta yarda mai bayarwa ya biya masa.

Inda abin ya fi cizo shi ne yadda muke lissafa dangi. A wurin Bahaushe ɗan baffa ƙani ne, kuma matar uba da ta yi rainon mutum uwa ce. Dokar Faransa ba ta san wannan ba. Ɗan baffa, ɗan kawu, gwaggo da inna suna cikin rukunin kashi 55, ba tare da rangwame irin na 'yan uwa ba. Kishiyar uwa kuwa bare ce a idon doka, kashi 60 ake yanka. Wanda ya yi niyyar gina wa gwaggon da ta goye shi gida daga albashinsa na Marseille ya san da wannan tun kafin ya tura kuɗin a dunƙule.

Kada wannan ya tsorata masu aiken wata-wata. Kuɗin ciyar da iyaye mabuƙata ba kyauta ba ne a dokar Faransa, wajibi ne da dokar farar hula ta ɗora wa 'ya'ya. Har ma mai aikowa yana iya cire shi daga kuɗin shigar da zai biya wa haraji, ko da iyayen suna ƙasar waje, muddin yana da shaidar ya tura kuma yana iya nuna cewa suna da buƙata. Mutane da yawa suna asarar wannan dama saboda suna ba matafiyi kuɗi a hannu, babu rasit. Taimakon ƙani ko ƙanwa ba ya samun wannan sauƙi. Ita ma kyautar al'ada ta biki ko suna ko salla, wadda ake kira présent d'usage, ba a yi mata haraji idan ba ta fi ƙarfin mai bayarwa ba. Babbar kyauta ita ce ake bayyanawa, ta shafin intanet na hukumar haraji ko da takarda mai lamba 2735, ko da rangwame ya rufe ta babu abin biya. Amfanin bayyanawar shi ne daga ranar ake fara ƙirga shekara 15 ɗin.

Wani sauyi da ya shafi mutanen Sahel: a watan Disambar 2023 Nijar da Mali sun sanar da janyewa daga yarjejeniyar haraji da ke tsakaninsu da Faransa, bayan Burkina Faso ta riga su a watan Agustan shekarar. Ta Nijar tun 1965 aka ƙulla ta. Aikin irin wannan yarjejeniya shi ne hana a karɓi haraji sau biyu a kan abu ɗaya, musamman albashi, fansho da gado. Aiken cefane bai canza ba, amma iyalin da ke da dukiya a ƙasashen biyu, ko tsohon ma'aikacin da ke karɓar fanshon Faransa a Yamai, ya kamata su sake duba matsayinsu. Kamaru har yanzu tana da tata yarjejeniyar ta 1976.

Amurka, Ingila, Jamus da ƙasashen Larabawa

A Amurka mai bayarwa ne haraji ke bi. A 2025 mutum yana iya ba kowane mutum ɗaya Dala 19,000 a shekara ba tare da ya cike komai ba, ɗan uwa ne ko bare. Idan ya haura, sai ya cike takarda mai lamba 709, amma da wuya ya biya ko sisi, domin rangwamen tsawon rayuwa ya haura Dala miliyan 13. Sabon abu shi ne harajin kashi 1 cikin 100 a kan aike zuwa ƙasashen waje, wanda ya fara aiki ranar 1 ga Janairun 2026. Yana hawa ne idan an biya da tsabar kuɗi ko makamancinsu a kanti. Wanda ya tura daga asusun bankinsa ko da katin bankin Amurka ba ya biya. Direban tasi a Bronx da ke kai Dala 500 hannu da hannu zai ƙara Dala 5, kuma kamfanin aike ne ke karɓa daga wurinsa, ba daga wurin wanda ke jira a Kumasi ba.

A Ingila babu haraji nan take a kan kyauta. Sai idan mai bayarwa ya rasu kafin shekara 7 ta cika ake mayar da kyautar cikin lissafin gado, kuma harajin kashi 40 yana hawa ne kan abin da ya haura Fam 325,000. Akwai Fam 3,000 da ake yafewa kowace shekara, kuma taimakon da mutum ya saba yi daga rarar albashinsa ba ya shiga lissafi.

Jamus ta fi tsauri ga kyautar da ta nufi iyaye. Ɗa yana da rangwamen Yuro 400,000 daga mahaifinsa, amma kyautar da ɗa ya yi wa mahaifi ko ɗan uwa Yuro 20,000 kawai ake yafewa cikin shekara 10. Kuɗin ciyarwa da na karatu, idan ba su wuce misali ba, suna waje da wannan.

A Saudiyya, Ƙatar da Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa ba a karɓar harajin albashi daga ma'aikaci, balle na kyauta. Matsalar can ta takardu ce: wanda ba shi da izinin zama ba ya iya aike ta banki, sai ya nemi wani.

Idan kuma kuɗin daga gida suka nufi waje, kamar ɗan kasuwar Maraɗi da ke tura wa ɗansa kuɗin sayen gida a Faransa, harajin Faransa yana hawa idan ɗan ya zauna can shekara 6 cikin 10 da suka gabata. A Amurka babu haraji a kan mai karɓa, amma idan kyautar daga waje ta haura Dala 100,000 a shekara dole ya bayyana ta da takarda mai lamba 3520, kuma tarar rashin bayyanawa tana iya kai kashi 25 na kuɗin.

Abin da ake yankewa a hanya

Yawancin abin da mutane ke kira haraji idan kuɗi suka iso da giɓi, ladan kamfanin aike ne da bambancin canji. Lissafin Bankin Duniya ya nuna tura Dala 200 zuwa ƙasashen Afirka kudu da Sahara yana cin kusan kashi 8 cikin 100, mafi tsada a duniya, alhali burin Majalisar Ɗinkin Duniya shi ne a sauko ƙasa da kashi 3 kafin 2030. Mai karɓar sefa daga Yuro yana da sauƙi ɗaya, canjin a tsaye yake. Mai karɓar Naira ko Sidi kuwa dole ya duba farashin da kamfanin ya yi masa lissafi da shi, domin a nan riba ke ɓuya. Tun farkon 2024 Babban Bankin Najeriya ya umarci kamfanonin aike su riƙa biyan masu karɓa da Naira.

Akwai kuma harajin gaske a kan motsin kuɗi. Kamaru ta sa kashi 0.2 cikin 100 a kan turawa da cirewa ta waya da kamfanonin aike tun Janairun 2022. A kan sefa 500,000 ya kama sefa 1,000, kuma idan aka tura daga Douala zuwa Marwa aka cire, sau biyu ke nan. Ghana ta kawo E-Levy a watan Mayun 2022 a kan kashi 1.5, ta rage zuwa kashi 1 a 2023, ta soke shi a watan Afrilun 2025. A Najeriya ana cire Naira 50 a kan aiken banki da ya kai Naira 10,000. Waɗannan ba ruwansu da kyauta ce ko ciniki, duk kuɗin da ya bi ta hanyar ana taɓa shi.

Tambayar banki ba ta haraji ba ce

Idan miliyoyi suka faɗo asusun da bai saba ganin fiye da dubu ɗari ba, banki zai tambaya, wani lokaci ya riƙe kuɗin sai an kawo bayani. Wannan dokar yaƙi da halatta kuɗin haram ce da hana ɗaukar nauyin ta'addanci. Bankuna da kamfanonin aike suna kai rahoton abin da suka yi shakka a kai ga CENTIF a ƙasashen UEMOA, ko ANIF a ƙasashen CEMAC. Ficewar Nijar daga ECOWAS a Janairun 2025 ba ta canza wannan ba, domin tana nan cikin UEMOA kuma ƙa'idojin BCEAO ne ke aiki. Garuruwan kan iyaka da yankin Tafkin Chadi sun fi shan wannan bincike, abin da ke jawo wa masu gaskiya jinkiri ba gaira ba dalili.

Abin da ke warware matsalar ba shi da yawa: rasit ɗin aike, takardar haihuwa ko wata shaidar dangantaka, da 'yar wasiƙa daga mai aikowa mai ɗauke da kwanan wata, adadin kuɗi, da bayanin cewa kyauta ce ba bashi ba. Hausawan da ke zaune a ƙasar da ba ta kakanninsu ba su kula da rubutun suna. Mutum ɗaya yakan zama Mahamadou a katin Nijar, Mohammed a fasfon Ghana, Muhammadu a takardar Najeriya, kuma wannan kaɗai ya isa a hana shi kuɗinsa a kanta. Kuskuren da ya fi muni shi ne daddatsa kuɗi ƙanana-ƙanana a tura da sunayen mutane daban-daban don kada a lura. Wannan salon shi ne ainihin abin da aka koya wa ma'aikatan banki su sa wa ido.

Masu aiki a Libiya da Aljeriya galibi ta hannun 'yan kasuwa da direbobi suke aike, a ba da a Sabha ko Tamanrasset a karɓa a Agadas ko Tawa. Yana da sauri kuma amana ce ke riƙe da shi, amma ba ya barin shaida. Na cefane ba damuwa. Na sayen fili kuwa, ranar da aka tambayi asalin kuɗin ko magada suka yi gardama, babu abin nunawa. Mai ɗauko tsabar kuɗi a jaka ya sani cewa daga Yuro 10,000 dole a bayyana wa jami'an duwan a shiga ko fita Tarayyar Turai, haka abin da ya haura Dala 10,000 a Amurka. Bayyanawar ba ta jawo haraji, ɓoyewar ce ke jawo ƙwacewa da tara.

Ranar da kyauta ta fara haihuwa

Kuɗin kyauta ba a yi musu haraji ba, amma abin da suka haifa ana yi masa. An sayi gida, akwai kuɗin rajista da na sauya suna, sannan harajin gida. An zuba 'yan haya, kuɗin hayar kuɗin shiga ne. An buɗe shago, akwai fatanti da harajin riba. An aiko da mota maimakon kuɗi, duwan za ta yi mata kuɗin fito bisa ƙimarta, kalmar kyauta ba ta rage ko dala.

Sai babbar matsalar da ta fi raba zumunci: kuɗin da aka turo a gina wa mai aikowa gida. Wannan amana ce, ba kyauta ba. Idan ƙani ya sayi filin da sunansa don sauƙin takardu, a idon hukuma nasa ne. Harajin gidan shi za a nema. Idan ya rasu, gidan ya shiga gadon 'ya'yansa. Idan kuma daga baya ya so mayar wa yayansa, sauya sunan sabuwar rajista ce da sabon biya. Ga mazaunin Faransa akwai ƙarin haɗari, domin kuɗin da ya tura suka zama mallakar ƙaninsa ana iya ɗaukarsu kyauta ga ɗan uwa, mai rangwamen Yuro 15,932 kawai. Maganin yana da arha: takardar wakilci, wato procuration, wadda ake yi a ofishin jakadanci ko gaban notaire, sai a sayi filin da sunan mai kuɗin tun farko.

Ko a fiƙihun Malikiyya da yawancinmu ke bi, kyauta ba ta kammala sai wanda aka ba ya karɓe ta a hannunsa tun mai bayarwa yana raye da lafiyarsa, in ba haka ba ta koma cikin gado. Wanda aka ba kuɗi kuma suka kai nisabi, zakka tana hawa kansu idan suka shekara a hannunsa, ana ƙirgawa daga ranar da ya karɓa.